Tsutsar da Ba Ta Cin Albasa

A Aliero kowa manomin albasa ne, amma mahaifina sana'arsa dashe ce. Shi ke ajiye iri, ya shuka shi a fangali idan damina ta ja baya, ya yi ta ba shi ruwa da jigo safe da yamma har 'ya'yan su kai tsawon tafin hannu, sannan manoma su zo su cira su kai gonakinsu. Irin daga hannun kakansa ya gangaro, ja ne, mai jure ajiya. Wanda ya sayi dashe ba zai san abin da ya saya ba sai bayan watanni, don haka amanar mai shi yake saye. Daga Jega ake zuwa wurinsa, daga Kuberi, daga Gumbin Kure ta wajen Maiyama, mutum ya wuce fangalin mutum goma a hanya bai waiwaya ba. Wannan suna shi ne duk abin da Baba ya mallaka, ban da 'yar gonar da yake dasa nasa. Ni na rushe masa shi da hantsi ɗaya, da tsutsar da ko cin albasa ba ta yi.

Lokacin ba a yanke mu daga jihar Sakkwato ba, jami'ar da ke garinmu yanzu ko mafarkinta ba a yi ba. Ina karatun digiri na biyu a nesa da gida, a fannin halittu. Malamina ya samu labarin cewa a ƙasar Turawa wasu sun zauna a kan wata 'yar tsutsar ƙasa, siririya, wadda da ƙyar ido ke ganinta, sun bi ƙwanta tun yana ƙwayar halitta ɗaya har ya zama tsutsa, sun san wace ƙwaya ce ta haifi wace. Sai ya ce in duba ko tsutsotsin ƙasarmu ma a kan wannan tsari suke rabuwa. Ana cikin haka aka rufe jami'a, aka ce kowa ya tafi gidan ubansa. Malamin ya ba ni aron wani tsohon madubin ƙara girma, irin mai karɓar haske daga rana, ya ce kada in zauna banza. Da ma banzan na zauna.

Aikin kansa ba wuya. Ka ƙulle ƙasa a tsumma, ka sa a mazurari mai ruwa, ka toshe gindinsa. Kafin washegari tsutsotsin sun sulale ta cikin tsumman sun taru a ƙasa. Ka ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, ka nemo macen da cikinta ya cika, ka tsaga ta da tsinin reza, ƙwai su zubo, ka zauna ka zuba musu ido.

Abin da ya yi wuya ƙasar ce. A wurinmu ba a ɗibar ƙasar gonar mutum. Wanda aka gani ya sunkuya a gonar da ba tasa ba yana cika aljihu, an san wurin wanda zai kai ta da abin da za a yi da ita, don da haka ake kashe wa mutum gona. Ni da na daɗe a makaranta na manta, ko kuma na ɗauka boko ya wanke ni daga zargi. Na bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya da gwangwanin madara ina roƙon ƙasa. Babu wanda ya ce mini a'a. Wannan ya ce in dawo gobe, wancan ya ce gonar ta wansa ce, wani kuwa ya tambaye ni lafiyar karatu har sau uku sannan ya shige gida.

Maganar ta kai kunnen Baba. Ya same ni a zaure da gwangwanina babu komai a ciki.

"Kai, bar kunyata mu cikin gari," in ji shi. "Ƙasa kaka biɗa? Tahi ka ɗebi tawa."

Ƙasar fangalinsa baƙa ce wuluk, mai laushi, shekara da shekaru na takin awaki da toka. Ba a fi ta a garin ba, kuma irin tsutsotsin da nake nema wurin ruɓaɓɓen taki suke taruwa, don abin da ke ruɓar da takin shi ne abincinsu. Ɗigon farko da na sa a madubi ya cika maƙil da su.

Na kafa tebur a bakin zaure inda ranar hantsi ke shigowa. Ƙwan a madubi kamar ƙwayar shinkafa yake, garau, ana ganin cikinsa. Da farko ƙwaya ɗaya ce ta cika shi. Sai ka ga wasu ɗigo biyu masu haske sun tunkari juna sun haɗu a tsakiya, sun ɓace. Can sai gefen ƙwayar ya fara lotsawa, a hankali, har ta tsinke gida biyu, kuma ba daidai ba, ɗaya ta fi ɗaya girma. Babbar ita ke fara sake rabuwa, ƙaramar ta biyo baya. Biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, daga nan lissafi ya fara kuɓuce maka. Kafin gobe abin da ka bari dunƙule ya miƙe ya nannaɗe yana motsi cikin ɓawonsa. Kowane ƙwai haka yake yi, babu wanda ya taɓa saɓawa. Ina duba agogo ina zanawa a littafi kowane minti goma, wuyana ya ƙage, idona na hagu yana ruwa. Har yau ban ga abin da ya kai wannan kyau ba, kuma har yau ina jin haushin kaina idan na faɗi haka.

Gari kuwa ya samu abin dariya. Suka sa mini suna likitan laka. In na wuce majalisar ƙofar masallaci sai wani ya ce a ba likita hanya, za shi duba marasa lafiya a bakin rijiya. Ɗan mai iri ya ƙare boko ya dawo yana wasan ƙasa. Ina yin kamar ban ji ba, amma abin yana cina. Ni mutum ne mai zuciya, ga son a ce na iya.

Al'adar dashe ita ce, saura 'yan makonni a fara cira masu saye su zo su kama fangali. Mutum ya zagaya ya zaɓi wanda ya yi masa, ya kafa kara ya ɗaura masa ƙyalle, shi ke nan ya zama nasa sai ranar cira. A shekarar nan fangalin Baba duk sun samu kara tun da wuri. Ran nan da hantsi mutum biyu suka zo duba nasu. Ɗaya manomi ne daga Kuberi, ƙato mai babbar murya, wanda yakan kama wa kansa ya kama wa rabin ƙauyensu. Ɗayan tsoho ne daga Gumbin Kure, abokin Baba tun ban zo duniya ba. Baba yana wurin jigo, sai suka zauna jiransa a zaure, ni kuma ina kan teburina.

"Likita, mi kaka dahwawa?" in ji na Kuberin. "Ko mu ma a sam muna?"

Da na yi murmushi na ci gaba da zanena da babu abin da ya faru. Amma na gaji da zama abin dariya. Na cire gilashin da ƙwan ke kai, don na san ba zai burge shi ba, na sa wanda ke cike da manyan tsutsotsi masu rai. Na ce ya zo ya gani da idonsa.

Ya zo yana dariya, ya rufe idon da ya kamata ya buɗe, na gyara masa. Ya kafa ido a madubin. Sai ya yi baya da ƙarfi har ya ture kujerata.

"La'ilaha illallahu! Macizzai!"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Tsohon ya taso a hankali, ya duba, ya daɗe yana dubawa. Da ya ɗago bai yi salati ba, bai yi dariya ba.

"Ɗana, wagga ƙasa ta ina ta?"

Tambayar ke nan. Zan iya cewa daga bakin gulbi na ɗebo ta, ko daga makaranta na zo da ita. Ko tunanin haka ban yi ba. Da alfahari na amsa.

"Ta Baba ta. Nan wurin dashen da kunka kama."

Sai da na ga sun dubi juna sannan na gane abin da na yi. Na shiga bayani. Na ce tsutsar ƙasa iri-iri ce. Mai ɓarna tana da tsinke a baki wanda take huda saiwa da shi, waɗannan kuwa ba su da shi, ruɓa kawai suke ci. Na ce yawansu ma shaida ce ƙasar tana da kyau, kuma babu gonar da babu su. Na yi ta zuba kamar ina gaban malamina.

"Tsutsa mai kirki," in ji na Kuberin. "Yau na ji sabon karatu."

Baba ya shigo ƙafafunsa jiƙe da laka, aka gaisa, aka fasa goro, aka yi maganar yadda damina ta ƙare. Suka zagaya fangalinsu suka yaba, suka ce za su aiko. Na lura tsohon bai yarda sun haɗa ido da Baba ba har ya hau jakinsa.

Kasuwar Jega ta ci bayan kwana biyu. Kafin labarin ya dawo mana gida ya yi ƙiba. Tsutsotsin sun kai tsawon yatsa. Na'urar gwamnati ce ta gano su. Kuma ba maƙiyi ne ya faɗa ba, ɗan cikinsa ne, wanda ya yi karatun abin. Wannan shi ya kashe mu, don wa zai ce ɗa ya yi wa ubansa ƙage? Nan da nan kowa ya tuna wata albasa da ta taɓa ruɓe masa a rudun ajiya shekarun baya, wadda a lokacin ya ɗora wa zafi laifinta. Mutanen da suka yi wata guda suna ce mini likitan laka su ne yanzu suke rantsuwa da ilimina. Karan da ke kan fangali ya fara ɓacewa ɗaya-ɗaya, kullum a lokacin da Baba ba ya wurin.

Bai zage ni ba. Na so ya zage ni. Ya zo zaure ya ce in nuna masa abin da na nuna musu. Ya duba, ya share idonsa da gefen riga, ya sake dubawa.

"Suna ga ƙasar kowa?"

"Ta kowa, Baba."

"To tahi ka gwada musu."

Ta yaya? Mutanen da suka hana ni ƙasa tun ana tsoron sammu kaɗai, yanzu sun ga abin da madubina ya yi wa ubana. Na koma da gwangwanina, na ce a gaban kowa za a duba, mai gona ya ɗebo da hannunsa ya mayar da abarsa. Har wurin limami na je. Ya saurare ni da kyau, ya yi mini addu'a, ya ce shi bai san kan ƙasa ba.

Akwai maƙwabcinmu, katanga uku tsakani, wanda wurin Baba ya koyi yin dashe yana saurayi, yana ɗan yin nasa kaɗan-kaɗan. Masu sayen da suka bar mu wurinsa suka koma. Ban ce shi ya yaɗa maganar ba, ban da shaida, amma ya faɗaɗa fangalinsa da sauri. Wata rana da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa inuwa, na bi ta gefen lambunsa na sunkuya kamar takalmina ne ya tsinke. Na cika aljihu da ƙasa, na haɗo da 'yan saiwoyi.

Washegari na duba. Tsutsotsina suna nan, kamar yadda na faɗa. Amma ba su kaɗai ba. A cikinsu akwai wasu masu sanyin motsi, da na ƙara girman madubin sai ga tsinken a bakinsu ƙarara. Na duba saiwoyin, ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikinsu. Ainihin mai ɓarnar ke nan, wadda ke bin dashe daga gona zuwa gona, wadda ban taɓa gani ko sau ɗaya a ƙasar Baba ba. Na fita da gudu ko takalmi ban sa ba.

Na sami Baba yana ɗinke gugan jigo. Na zayyana masa komai ina haki. Ya bari na gama.

"Shi yab ba ka ƙasar?"

"A'a."

"Ashe sata kay yi."

"Baba, gaskiya ta! Nashi ad da ciwon, ba namu ba!"

"In ka hwaɗi, mi za a ce? A ce mai iri ya aiki ɗanai ya ɗebo ƙasar maƙwabci da rana tsaka. Jiya muna masu tsutsa, gobe mu koma masu sammu." Ya ja zaren ya ƙulle. "Kuma shi ma yana da ɗiya da za shi ciyarwa. Zuba ta ga masai, ka wanke hannunka."

Ranar na fara ɗaga masa murya a rayuwata. Na ce ana cutar mutane, na ce duk wanda ya sayi dashen can ya kai wa gonarsa ciwo, na ce shirun nan ba kirki ba ne. Na yi gaskiya a duk abin da na faɗa, kuma babu ɗaya da na faɗa don manoman Kuberi. So nake a wanke ni. Ya dube ni ya ce, "Bakinka ya isa haka nan." Na zuba ƙasar a masai.

Ranar cira ta zo ta wuce. Tsohon Gumbin Kure ya aiko cewa rijiyarsa ta rufta, bana ba zai yi albasa ba, daga baya muka ji ya yi. Baba ya dasa abin da 'yar gonarsa za ta ɗauka. Sauran ya tsufa a fangali, ya yi kauri, ya cunkushe, bakin ganyen ya fara rawaya. Duk da haka ya ƙara mako biyu yana ba shi ruwa safe da yamma, ina jin kukan jigon daga zaure. Sannan wata safiya ya buɗe shinge ya sako awaki. Inna ta yi wata guda tana ajiye mini abinci ba ta ce mini ci ba.

Albasar da ya dasa ta yi kyau, manya, jajaye, babu tabo. Na ɗauka wannan zai rufe bakin kowa. Dillalai suka zo suka juya ta suka ce ai ciwon a ciki yake, sai an kai rudu yake fitowa. Tasa aka loda a ƙarshe, kuma a wulakance. Shekara ta zagayo ya shuka fangali kaɗan, babu wanda ya kafa kara. Wani dillali da ke ganin girmansa ya ja shi gefe ya gaya masa gaskiya: muddin irinsa yake dasawa, babu mai motar da zai yarda a haɗa masa buhunsa da na mutane.

Ni kuwa an buɗe jami'a na koma da littafin zanena. Tsutsotsin ƙasarmu a kan tsarin na Turawa suke rabuwa, sai ɗan bambanci a lokacin da wasu ƙwayoyin ke ɗauka. Malamina ya ji daɗi, ya ce zanen ya yi tsabta. Aka ɗinke aikin da baƙin bango aka ajiye a kanta, ban san ko wani ya taɓa sauko da shi ba. An ba ni kwafina ban kai shi gida ba.

A kaka ta uku na zo hutu daidai lokacin dashe. Ran kasuwar Jega Baba ya sa babbar rigarsa ya ce in raka shi, in ɗauko kwando. Ban gane nufinsa ba sai da muka sauka daga a-kori-kura ya nufi layin masu dashe, layin da a da ko zuwa ba ya yi, don nasa a gida ake bin sa. Ya wuce mutum huɗu ya tsaya gaban maƙwabcinmu. Katanga uku ce tsakaninmu da shi, da ya so da ya aika an kawo masa har zaure. Amma sayen da ba a gani ba ba zai yi masa amfani ba, so yake dillalai su ji cewa bana ba irinsa ya dasa ba, kuma na wanda kowa ya yarda da shi ya saya.

Maƙwabcin ya miƙe tsaye, kunya ta rufe shi.

"Malam, ai da ka aiko..."

"Zamna abinka," in ji Baba, ya tsuguna.

Mutane suka fara rage tafiya suna kallo. Ya ɗauki ƙulli ɗaya ya karkaɗe ƙasar gindinsa yadda ya saba, ya bi saiwoyin da babban yatsa. Na ga inda yatsan ya tsaya. Ya daɗe a wurin. Sannan ya ce a cika masa kwando.

Na sunkuya daidai kunnensa. "Baba, ba nashi ba. Na kowa, amma ba nashi ba. In tsutsar nan ta shiga ƙasarka ba ta hita."

"Na sani," ya ce, bai juyo ba. "Nashi anka yarda da shi. Ɗauki kwandon."

Aka yayyafa wa dashen ruwa don kada ya yi yaushi, aka aza mini a ka. Ya shige gaba yana amsa gaisuwa, ina biye da shi ta tsakiyar kasuwa. Ruwan laka yana tsiyayowa ta ƙasan kwandon yana bin wuyana yana shiga rigata, kuma a duk kasuwar nan ni kaɗai na taɓa ganin fuskar abin da ke cikinsa. Da yamma muka dasa shi tare.